Baƙin Tabarau da Sojan Bama

A wasan kwaikwayonmu, na dandali ko na fim, akwai wata gajeriyar hanya da ake bi idan ana son nuna soja. A samo kaki, a samo takalmi mai nauyi, a ɗora wa mutum baƙin tabarau mai faɗi irin na matuƙan jirgin sama. Kafin ya buɗe baki 'yan kallo sun riga sun sha jinin jikinsu. Dabarar tana ci idan labarin na zamanin mulkin soja ne. Amma a ce yau samarin Dandamisa ko Gimi ko Hunkuyi sun tashi shirya wasa a kan kakanninsu da aka ɗiba zuwa Yaƙin Hitila, wannan tabarau ne zai fara ƙaryata su.

A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin da sha'awarsu ita ce sake kwaikwayon tsofaffin yaƙe-yaƙe a fili, da tufafi da makamai irin na lokacin. Sukan raba dare suna gardama a kan maɓalli guda ko ɗinkin aljihu, kuma babu abin da suke yi wa juna tsiya a kansa kamar tabarau, domin a fuska yake, mai kallo kuwa fuska yake fara dubawa. Mu ba mu da irin waɗannan ƙungiyoyi. Muna dai da 'yan fim, da ɗaliban sakandare masu wasan ƙarshen zango, da jikokin 'yan mazan jiya da suka fara tono hotuna daga ƙasan adaka. Tambayar duk ɗaya ce: a 1943 wa ke sa baƙin tabarau, wane iri, kuma ina ya samo shi?

Sai an fara sanin sojan kansa. Rundunar da ya shiga ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun 1863 wani Bature, John Glover, ya tara masu jin Hausa a Ikko ya ba su bindiga, da yawansu bayi ne da suka tsere. A 1897 Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta shiga Zariya a 1902, ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce harshen bariki, hafsan Bature ma sai ya koye ta kafin ya ji daɗin aikinsa. A 1924 aka kafa makarantar horar da kurata a Zariya, wadda har gobe tana nan. Saboda haka saurayin ƙasar Makarfi ba wata doguwar tafiya zai yi ba kafin ya zama soja: ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gimi, kafin la'asar yana layi ana auna masa ƙirji.

Da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, Sarkin Zazzau Ja'afaru na da shekara biyu a kan gado, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ba ta cika shekara ba, don a Janairun wannan shekara ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam na editanta. Ta bakinta mutanen karkara suka riƙa jin labarin Jamus da Ingila, mai karatu guda ya karanta, goma su saurara. Neman sojoji kuwa ta hannun hakimai da dagatai ya bi. Wani ya kai kansa don albashi da ganin duniya, wani kuma mai gari ne ya ambaci sunansa, babu damar musu. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adanar kuzarta, sai aka juyo kan ta Jos, aka shiga kwasar talakawa na tilas daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyin tsaunin ya kashe mutane da dama. Ba abin mamaki ba ne in wani saurayi ya ga gara kaki da ramin kuza.

Kayan da aka ba shi sanannu ne. Na fareti: jar dara mai tuntu, jar falmaran mai bakin rawaya, jar ɗamara, gajeren wandon kaki, da naɗin ƙyalle a ƙwauri. Kafin yaƙin, ƙafa a ƙasa ake fareti, takalmi ya zama na kowa ne da aka fara shirin fita waje. Na daga kuwa kaki ne, da hula mai faɗin baki irin malafa wadda akan ɗage gefe guda a maƙale, da bindigar Lee-Enfield, da adda. Hular nan ita ce dukan abin da gwamnatin Ingila ta tanadar wa idonsa saboda rana. Shi ma bai ga an rage shi da komai ba. A gida manomin rake da ke wuni a fadama malafa ce kariyarsa, matafiyi ya ja amawali ya rufe hanci da baki saboda ƙura, kwalli kuma na maza da mata ne. Tabarau da aka sani a ƙasar Zazzau ta lokacin fari ne, na karatu, a fuskar wani alƙali ko akawu ko dattijon malami da ya dawo daga Makka da shi. Asibitin ido na mishan da ke Kano ma sai a 1943 aka buɗe shi, yaƙi na tsakiya.

Baƙin tabarau kansa yaro ne a lokacin. Gilashi mai launi ya daɗe a Turai, amma na marasa lafiyar ido ne. A 1913 wani masanin kimiyya na Ingila, William Crookes, ya fitar da gilashi mai tare hasken da ke lalata idon masu hura kwalba a bakin wuta, daga nan aka fara sayar da tabarau da sunansa. Wanda ya mai da abin kayan kasuwa shi ne Sam Foster na Amurka, da ya fara sayar da masu araha a bakin teku a Atlantic City a 1929. Taurarin fim suka ɗauka, jama'a suka bi. Siffar na wannan zamani ita ce abin riƙewa: idanun ƙanana ne, kusan zagaye, da kaɗan suka fi ƙwayar ido faɗi, a cikin siririn ƙarfe ko wata roba mai launin ƙaho.

Mai faɗin nan da muke kira na matuƙa, matsalar jirgin sama ce ta haife shi. Da jirage suka fara hawa sama da gajimare, hasken can ya riƙa sa matuƙa ciwon kai da jiri. Sojan saman Amurka ya nemi kamfanoni su samo magani. American Optical ya yi nasa a 1935, Bausch & Lomb ya fito da wani a 1936, ya yi masa rajista da sunan Ray-Ban a 1937. Babu abin da aka yi don ado a jikinsa. An zubo idon ƙasa ya yi tumbi ne don matuƙi ya sunkuyar da ido ya duba agogunan gabansa ba tare da haske ya shigo ta ƙasa ba. An yi ƙarfen siriri, an lanƙwasa hannuwan su zagaye bayan kunne, don ya zauna daram ƙarƙashin hula da na'urar saurare. A 1941 sojan ƙasa da na ruwa na Amurka suka amince da samfuri guda mai lamba AN6531, kamfanoni daban-daban suka yi ta buga shi. Gilashin farko kore ne, da aka ga bai tare haske sosai ba aka koma wani mai duhun ja-ja. Duniya ta san shi sosai ne a Oktoba 1944, ranar da aka ɗauki hoton Janar Douglas MacArthur yana ratsa ruwa zuwa gaɓar Leyte a Filifin, tabarau a fuska. Kayan aiki ne na matuƙin Amurka, sai manyan da suka ga dama.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan tabarau ya iso ƙasar Hausa tun yaƙin na ci, sai dai ta sama ya zo, kuma a Kano ya sauka. Kano ta san jirgi tun 1 ga Nuwamba 1925, ranar da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, a 1936 kuma jirgin fasinja da wasiƙu ya fara zuwa. A Yuni 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojojinta a Masar suna neman jiragen yaƙi ruwa a jallo. Sai aka ɓullo da wata hanya: a kawo jirage a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana, a haɗa su a can, a tuƙa su zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, a ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher da Khartum, sannan a bi Kogin Nilu har Alƙahira. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940. Ayarin farko ya tashi a Satumba. Yawanci jirgi mai inji biyu ne ke ja gaba da mai duba hanya a cikinsa, ƙananan Hurricane na biye. Kafin a daina, sama da jirage 5,000 sun bi ta nan. Jamus ta san darajar hanyar, shi ya sa a Janairu 1942 jirginta guda ya keto Sahara daga Libiya ya jefa bom a filin Fort Lamy, wato Njamena ta yau.

A 1941 kamfanin Pan American ya karɓi wani ɓangare na aikin, a 1942 sojan Amurka ya karɓe daga hannunsa. Leburan da ke gangara gangunan mai a filin jirgin Kano, da kuku, da boyi, da direban da ke kai baƙi masauki, su ne Hausawan da suka fi kowa damar ganin tabarau na matuƙa ido da ido. In wasan ya faru a can ne, a hazon 1942, kuma ɗan wasan matuƙin Amurka yake kwaikwayo, a ba shi tabarau da hannu biyu. Matuƙin Ingila ma yana da nasa, amma abin da aka fi saninsa da shi babban gilashi ne mai fata da maɗauri, ɗage a goshin hularsa.

Sojojinmu na farko da suka fita, gabas suka yi. A tsakiyar 1940 aka kwashe birged guda ta Nijeriya zuwa Kenya don fuskantar Italiya. A 25 ga Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka miƙa arewa a cikin motoci, kafin ƙarshen Maris suna Harar a Habasha, fiye da kilomita 1,600 cikin wata guda. Wannan yaƙin rana ne da ƙura, kuma a nan ne ake da hujjar rufe wa soja ido a wasa. Sai dai abin da ya dace da direban babbar mota ko ɗan aike mai babur shi ne gilashin kare ƙura mai maɗaurin roba, wanda ke manne da fuska. Akwai kuma wani ɗan siririn mayafin ido na roba mai haske da sojan Ingila ke ɗauke da shi a ambulan ɗin kwali saboda iskar guba, wanda a hamada aka mai da shi maganin ƙura. Shahararren gilashin da ke kan hular Janar Rommel na Jamus a hotunansa na Libiya irin wannan ne, kayan Ingila ne da ya faɗo hannunsa. Mai shirya wasa da ke da almakashi da farar robar bangon littafi zai iya yanka shi cikin minti kaɗan, kuma zai fi tabarau mai tsada gaskiya.

Duk wannan lokaci sauran sojoji na gida suna gadin iyaka, saboda Maraɗi da Damagaram na hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus. Dangi a Katsina da Maraɗi sun wayi gari a ɓangarori biyu na yaƙin da ba nasu ba. A Nuwamba 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa ta sauya sheƙa, gadin ya zama ba shi da amfani, Janar George Giffard kuwa, wanda ya daɗe da sojojin Afirka, ya ba da shawarar a kai su Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Turawa sun ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne. Mutumin Ikara ko Kudan, wanda ya tashi a sarari inda ake hango kuka tun daga nesa, bai san kurmi ba ko kaɗan, sai da aka kai shi kudu aka koya masa.

An kafa runduna ta 81 a Maris 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizonmu a wayo. Ta zagaya ta Afirka ta Kudu ta sauka a Bombay. Ta 82 ta bi baya a 1944, alamarta kuwa māsu biyu gicciye a kan gammo. Wannan gammo ya faɗi gaskiyar aikin fiye da kowace takarda. Kowace birged na da dubban sojoji 'yan dako, waɗanda aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, yawanci ba makami sai adda. Su ne suka sa rundunar ta iya shiga inda mota ba ta zuwa, inda alfadari ma ke turjewa. Kimanin 'yan Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

A ƙarshen 1943 runduna ta 81 ta sare hanyar ƙaramar mota ta kusan kilomita 120 a cikin tsaunuka zuwa kwarin Kogin Kaladan, da adda da diga da shebur. A farkon 1944 suka gangara kwarin har Kyauktaw, Japan ta juyo musu a Maris, suka ja da baya da asara. Birged ta uku, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya, an ware ta an ba Janar Orde Wingate, aka kai ta ta sama can bayan layin abokan gaba, ta riƙe sansanin da ake kira White City ana yi mata ruwan wuta dare da rana. Wannan birged ce marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya gina littafinsa Burma Boy na 2007 a kanta, da yaron labarin, Ali Banana. Bayan damina aka sake komawa Kaladan, a Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, ta 82 ta ci gaba kudu ta Kangaw da Dalet da Tamandu.

To a duba wurin da ido. Gora ce ta yi rumfa a sama, wani wuri tsakar rana ma duhu-duhu ne. Da safe hazo ya cika kwari. Da damina ruwa ya yi kwanaki bai ɗauke ba, matsattsaku na shiga ta ramin igiyar takalmi, atuni da zazzaɓin cizon sauro na kwantar da mutane fiye da harsashi. Kowace rana saje na tsaye sai ka haɗiye ƙwayar mepacrine, mai ɗaci, mai rina fatar Bature rawaya. An rine kaki ya koma kore, duk abin da ke ƙyalli an dushe shi ko an cire. Abokin gaba na iya zama taku goma a gabanka cikin ganye, rayuwarka na rataye da ka riga shi gani. Mutumin da ke wannan hali, me zai yi da gilashin da ke rage gani, yana kama raɓa, yana walƙiya idan rana ta leƙo? Ko kyauta aka ba shi, aljihu zai jefa shi. Wanda ya duba hotunan rundunonin nan da ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan zai ga hula mai faɗi, da gumi, da kaya a ka, da idanu a buɗe.

Akwai baƙin tabarau a Kaladan, amma a sama yake. Runduna ta 81 na cikin na farko da aka ciyar kacokan ta jirgi: a share fili a bakin kogi, a shimfiɗa alama, jirgin Dakota ya zo ƙasa-ƙasa ya yi ta zagaye ana turo buhuna, wasu da lema wasu haka nan, 'yan dako su bi su tsince. Wanda ke tuƙa jirgin, idan Ba'amurke ne, mai yiwuwa yana sanye da AN6531. Wanda ke ƙasa yana ɗaga kai, hannu ya sa ya kare rana. Tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ita ce rabin labarin yaƙin, kuma mai wasan da ya cire tabarau daga fuskar na sama ya ɗora wa na ƙasa ya shafe ta bai sani ba.

To ina muka samo sojanmu mai baƙin gilashi? A hankali ya taru. Sojojin Bama sun dawo a 1946, aka sallami yawancinsu da 'yan kuɗi da lambobi, wasu suka sayi keke ko keken ɗinki, wasu suka zama direbobi da 'yan doka da masu gadi. Sunan dakarun Wingate, wato Chindit, ya koma kan bariki a Zariya, sunayen wuraren da suka yi yaƙi kuma suka koma kan wasu barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Tamandu a Ikko, Letmauk a Ibadan. Mutum zai shekara yana wuce ƙofar Dalet a Kawo bai san sunan wani kogi ne a Arakan ba. A daidai lokacin ne ragowar kayan sojan Amurka suka cika kasuwannin duniya, kamfanoni suka shiga kwaikwayon tabarau na matuƙa da araha. A shekarun 1950 Ray-Ban ya fito da Wayfarer mai kaurin roba, fina-finan Indiya suka mamaye silimun Kano da Zariya da Kaduna, saurayi ya ga jarumi da tabarau ya nufi kanti. A 1969 ciwon idon nan mai yaɗuwa da aka laƙaba wa Afolo ya ɓullo daga Gana ya bazu, baƙin gilashi ya zama abin da kowa ke nema na mako guda. Mahaya a hawan sallah suka haɗa shi da rawani, har ya zauna kamar da shi aka gaji sarautar. Sannan aka yi shekarun mulkin soja, har aka zo kan Janar Sani Abacha, daga Nuwamba 1993 zuwa Yuni 1998, mutumin da ƙasa guda ta yi kusan shekara biyar tana kallonsa a talabijin ba ta cika ganin ƙwayar idonsa ba.

A ganina wannan hoton ne muke ɗauka mu mayar baya shekara hamsin mu liƙa wa kakanninmu. Baƙin tabarau a fuskar soja yana faɗin abu guda: ina ganinka, ba ka ganina, kuma ni ke da iko. Farabitin da dagaci ya ambaci sunansa, wanda ya ƙetare teku ya yi dakon harsashi a kan gammo, wanda albashinsa bai kama ƙafar na Baturen da ke kwance a rami ɗaya da shi ba, ba shi da wannan iko, kuma jarumtarsa ba ta buƙatarsa. Ko Samanja Chari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin duniya biyu, ya sami lambar bajinta, aka sa wa barikin Lokoja sunansa, kwarjininsa a tsayuwa da murya yake.

Wani zai ce, ai ga hoton kakana nan, da kaki da baƙin tabarau. Kada a yi saurin gardama da shi, a tambayi yaushe aka ɗauka, kuma a ina. Masu ɗaukar hoto na shago a Afirka ta Yamma sun saba ajiye kayan aro. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana da agogo da alƙalami da rediyo da tabarau da yake ba mai zuwa ya riƙe, in an gama ya mayar. Haka abin yake a sauran birane. Tsohon soja da ya sa kakinsa ya shiga shago a Sabon Garin Zariya a 1955 yana nuna yadda yake so a tuna da shi ne, wannan ma tarihi ne mai daraja, amma na 1955. Wani hoton kuma in aka duba bajo da hula da kyau, sai a tarar na zuwa Kwango ne a farkon shekarun 1960. Bayan hoton yakan taimaka, don masu shago kan buga hatiminsu a can.

Inda za a iya sassauci shi ne hafsoshi da kuma dawowa gida. Hafsan Bature, ko ɗan Ingila ne ko ɗan Rodeshiya ko ɗaya daga cikin 'yan Poland ɗin da aka turo wa rundunar Afirka ta Yamma a 1941, yana iya sayen tabarau da kuɗinsa ya sa a Kaduna ko a kan jirgin ruwa ko a sansanin Indiya. Haka sojan da ya yi watanni a Indiya yana jiran jirgin komawa, da kuɗi a aljihu da kasuwa a ƙofar sansani, ba a rasa wanda zai sayo ya sauka da shi a tashar Gimi don 'yan matan gari su san an je an dawo. Wannan fage ne mai kyau a wasa, har ma zai ba da dariya. Amma a ba shi irin na lokacin.

Gane shi ba wuya. Ƙananan idanu zagaye, na kwalba mai nauyi, domin na roba sai bayan yaƙi suka yaɗu. Launi kore, ko toka-toka, ko ruwan ƙasa, kuma ba mai duhun da zai ɓoye ido gaba ɗaya ba, in an matso ana ganin ƙiftawar mutum. Ƙarfe siriri fari ko ruwan zinariya, ko roba mai launin ƙaho, hannuwa masu zagaye kunne. Duk mai madubi a waje, ko mai duhu a sama da haske a ƙasa, ko wanda ya naɗe fuska har gefe, ko mai sunan kamfani rubuce a kusurwar gilashi, a mayar wa mai tebur abinsa. Da wuya a sami na gaske a tiren masu yawo da tabarau a tasha. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nemi tsohon firam ɗin tabarau na karatu mai zagaye, irin wanda ake tsinta a kayan dattawa ko wajen 'yan gwanjo, a kai wa mai yanka gilashin ido a Zariya ya sa masa kore mai haske. Guda ɗaya ya ishi wasan duka, tunda mutum ɗaya ne zai sa shi, a fage ɗaya. Sauran kuɗin a kai wa tela da maƙeri, don huluna masu faɗi da adduna ne za a buƙata da yawa, gammo kuwa kowace uwa a Dandamisa ta iya naɗa shi.